Kafin ka kwance kabureta, duba murfin tanki

Jama'a masu babur, in mashin ɗinku yana tafiya lafiya na ɗan lokaci, sai ya fara shaƙewa ya mutu, bayan ya huta kuma ya tashi kamar ba shi ba, kada ku yi saurin ɗora wa kabureta laifi. Na taɓa kwance tawa har sau 2 a banza, ashe ɗan ramin iska na murfin tanki ne ƙura ta toshe. In iska ba ta shiga tanki, mai ba ya sauka. Da ya mutu, buɗe murfin ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska "fuu", kuma ya tashi da ka buga, to ka kama ɓarawon.

In ba nan ba ne, rufe makunnin mai, zare tiyon da ke shiga kabureta, tara kwalba, sannan ka buɗe. Ya kamata man ya zubo sosai. In ɗigo yake yi, matatar mai (filta) ce ta cika da datti ko tsatsar tanki. Nesa da wuta da sigari, don Allah.

Akwai kuma ɗan sukuru a gindin kabureta. Sassauta shi ka tari abin da ya fito. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasan kwalbar.

In dole sai an wanke jet, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami da mai ke bi a cikin kabureta, a busa da iska. Kada a zura waya, tana faɗaɗa ramin, mashin ya koma shan mai, fulogi ya yi baƙi ƙirin.