Yadda za ka zaɓi irin tiyatar da ta dace da kafaɗa mai yawan gocewa

Idan kafaɗarka ta goce fiye da sau ɗaya, ka fara da neman hoto kafin a shiga maganar tiyata. Hoton MRI yana nuna guringuntsin da ya kewaye bakin kwarmin kafaɗa, hoton CT kuma yana auna yawan ƙashin da ya zaizaye, domin kowace gocewa tana iya gutsure gefen kwarmin, ta kuma lotsa kan ƙashin dantse. Mai ɗori zai iya mayar da gaɓar mazauninta, amma hannunsa ba ya ɗinke abin da ya yage a ciki.

Idan ƙashin yana nan lafiya, guringuntsi ne kawai ya ɓalle, yawanci tiyatar kyamara ta wadatar. Likita yana yin ƙananan huji biyu ko uku, ya zura siririyar kyamara, ya kafa ƙananan maƙalai a ƙashi, ya ɗaure guringuntsin inda yake tun asali. Gyaran yana ɗauke da sunan Bankart, likitan Ingila da ya bayyana wannan rauni a 1923.

Inda ake bukatar natsuwa shi ne idan kwarmin ya rasa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na faɗinsa, domin a nan ɗinki kaɗai yakan warware. Sai a koma ga aikin Latarjet, wanda wani likitan Faransa ya fito da shi a 1954, kuma galibi buɗe kafaɗar ake yi, a yanko wani ɗan ƙashi da ke gabanta tare da jijiyarsa, a ɗaure shi da kusoshi a gurbin da ya zaizaye. Yana rage haɗarin sake gocewa sosai, sai dai ya fi haɗarin taɓa jijiyoyin motsi, kuma wani lokaci ƙashin ba ya haɗewa. A ganina kuskure ne mutum ya guje masa saboda tabo kawai.

Ka faɗa wa likita shekarunka da sana'arka ba tare da ɓoye komai ba, saboda matashi ɗan ƙasa da shekara 20 da ke dambe ko kokawa ya fi dattijo haɗarin sake gocewa. Ka kuma tambaye shi wane aikin ya fi sabawa da shi. Ko wanne aka yi, za ka rataye hannu na kimanin mako huɗu zuwa shida, sannan ka shafe watanni kana atisayen gashin ƙashi kafin ka koma wasa ko ɗaukar kaya mai nauyi.