Yadda za ka tsare aljihunka daga 'yan sane a motar haya

Duk Bakatsinen da ke zuwa Kano sarin kaya, da mutumin Daura da ke bi ta Kazaure ya sauka a tashar Ƙofar Ruwa, sun san cewa doguwar hanyar ba ita ce ta fi cin dukiyar matafiyi ba. Inda aka fi yin asara shi ne ɗan taƙin da ke tsakanin tasha da Kantin Kwari ko Sabon Gari, lokacin da mutum ya gaji, ya matsu, ya faɗa a-daidaita-sahu ba tare da ya dubi waɗanda ke ciki ba. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a Kano a 2013, wannan keken ne abin hawan kowa, kuma zaman kafaɗa da kafaɗa da ake yi a cikinsa shi ne abin da ɗan sane yake so.

Mataki na farko a gida ake yin sa, tun kafin ka ɗauki jaka. Ka raba kuɗinka gida biyu ko uku: kuɗin mota da na abinci, 'yan canji, su zauna inda hannu zai kai nan take, kuɗin sari kuma su shiga inda sai ka ɗaga riga za ka taɓa su. Iyayenmu fatake da lalita suke ɗaure kuɗinsu a ƙugu, kuma har yau ban ga abin da ya fi ta ba, sai dai ko aljihun da tela zai ɗinka maka a cikin 'yar shara. Aljihun gefe na kaftani kuwa buɗe yake, da zarar ka zauna bakinsa ya wangale ta wajen maƙwabcinka, don haka kada ka ba shi ajiyar abin da ya wuce hankici da carbi. Ke kuma Hajiya, ki rataya jakarki ta cikin hijabi, ki juyo da ita gaba, zif ɗin yana wajen jikinki.

A wannan shirin ne ya kamata a fi mayar da hankali kan waya, domin yanzu wanda ya ɗauke wayarka ya ɗauke ƙofar bankinka. Kulle fuskar waya kaɗai ba ya wadatarwa, saboda ɓarawo zai zare layin ya sa a wata ƙaramar waya, ya yi ta gwada lambobin banki, saƙon sirrin da banki ke turowa kuma a hannunsa zai sauka. Ka shiga wajen saitin tsaro ka sa wa layin kansa lambar sirri; wanda ya gwada ta sau uku bai dace ba, layin zai kulle. Sannan ka danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15, wato lambar shaidar ita kanta wayar, za ta fito, ka rubuta ta a takarda ka bar ta a gida. A wata 'yar takarda da za ka riƙe daban da wayar, ka rubuta lambar da bankinka ya tanada domin toshe asusu daga kowace waya, da lambar ɗan'uwa guda da za ka iya kira. Mutane da yawa ba su haddace ko lambar matansu ba, sai ranar da abin ya faru suke ganewa.

Mataki na biyu shi ne lokacin shiga. Turereniyar bakin ƙofa ita ce kasuwar 'yan sane, musamman da yamma idan motoci sun yi ƙaranci, ko a jajiberin Sallah. Wasu ma ba tafiya za su yi ba: za su cusa kai cikin masu rububi, da motar ta cika sai su ja da baya kamar sun rasa wuri. Ka ciro kuɗin motarka tun kana nesa, ka sa wayar a aljihu na ciki, ka rungume jakarka a ƙirji, kuma idan turereniyar ta yi yawa ka haƙura ka jira ta gaba. Ka shiga mota a cikin tasha, inda 'yan kamasho suka san direba, ya fi maka aminci a kan wadda ta tsaya maka a bakin titi tana kiran saura mutum ɗaya. Wanda zai wuce Abuja ya ƙara riƙe wannan, domin a irin waɗannan motocin ne 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji, suke ɗaukar mutane.

Idan ka zauna, abin da za ka tsare shi ne hankalinka, don ɗan sane ba ya aiki sai ya karkatar da shi. Na taɓa shiga keke daga tasha, mutum biyu a baya, ni na uku. Ba mu yi nisa ba sai na tsakiya ya fara tari yana kakarin amai, ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan gyara in tofar." Na karkata na ba shi hanya, ya miƙo jikinsa ta kan cinyata, hannun babbar rigarsa ya lulluɓe gefena. Can sai direban ya ce ya tuna ba ta nan zai bi ba, in yi haƙuri in sauka, bai ma karɓi kuɗina ba. Ina tsaye ina yaba kirkinsa na shafa aljihu, na ji an tsaga shi da reza, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya kamar aikin tela. Allah ya taimake ni kuɗin sarin suna cikin 'yar shara, amma wayar ta tafi.

Dabarun nasu kusan duk irin wannan ne. Wani zai ce ka gyara zama sau biyu sau uku, wani zai zubar da canji a ƙasa don ka sunkuya, wani zai ɗora babbar leda ko jaka a cinyarsa ta rufe hannunsa, wasu biyu kuma za su tayar da gardama har kowa ya juya kallo. Duk lokacin da aka taɓa ka ko aka nemi ka motsa, ka fara dafa aljihunka kafin ka amsa. Ba rashin ladabi ba ne ka ce wa mutum, "Malam, ɗan janye hannunka," kuma idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ce a sauke ka a inda jama'a suke. Wanda ke zaune ta bakin taga ko ƙofa kada ya riƙa latsa waya a cunkoson motoci, domin masu fizge daga waje suke zuwa.

Idan ka ji hannu a jikinka, ka riƙe kayanka ka ɗaga murya ka yi wa direba da fasinjoji magana, amma kada ka kama kokawa da mai reza ko wuƙa, kada kuma ka bi shi cikin lungu. A nan ina roƙon mu ji tsoron Allah game da ihun "ɓarawo". Kalma ɗaya ce, amma tana iya tara jama'ar da za su kashe mutum kafin a tabbatar da komai, wataƙila ma ba shi ne ya ɗauka ba. Wanda aka kama a miƙa shi ga shugabannin tasha ko 'yan sanda, ko a kira 112.

In kuwa sai bayan ka sauka ka gane an yi maka sane, to banki ne farko, ba neman wayar ba. Ka ari wayar wani ka toshe asusunka da lambar nan da ka rubuta, ka kira kamfanin layinka a rufe layin, sannan ka sanar da gida, don kada a yi amfani da sunanka a WhatsApp a roƙi 'yan'uwa kuɗi. Daga nan ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda abin ya faru, ka ba su IMEI da duk abin da ka tuna na lambar motar ko keken, ka karɓi takardar rahoto. Idan ka dawo Katsina, ka tafi ofishin kamfanin da lambarka ta NIN a dawo maka da layin, kuma kafin ka fito daga ofishin ka sa wa sabon layin lambar sirri.