Yadda ake gane inda fim ɗin fashi ya karkata a siyasa, da wa aka ba wuri a cikinsa

Fim ɗin fashi ba zai fito ya ce maka ga ɓangaren da yake yi ba, kai za ka tono. Mu gwada da Fast Five na 2011, wanda Justin Lin ya ba da umarni, tunda da yawanmu mun kalle shi.

Na farko, kuɗin wa aka sace? A nan siyasar take kwance. Idan banki ne ko gwamnati, fim ɗin na da ta cewa a kan masu mulki. A Fast Five kuwa dala miliyan 100 ɗin na Hernan Reyes ne, attajirin da ke juya birnin Rio de Janeiro da kuɗin ƙwaya. Marubuta sun zaɓi wanda babu mai tausaya masa, don ka yi wa ɓarayi tafi hankalinka kwance. Saurari inda Reyes ke bugun ƙirji cewa yana kai wa talakawan unguwanni wuta da ruwa don ya mallake su. Wannan zancen ya fi duk tseren motocin nauyi.

Na biyu, dubi hukuma. Akwatin kuɗin a ofishin 'yan sanda aka ɓoye shi, domin Reyes ya saye su. Mai gaskiya a cikinsu, Elena, ita kaɗai aka haska. Wa ya zo gyara? Hobbs, jami'in Amurka, da mutanensa da motar sulke. To ka ga fim ɗin na zagin cin hanci, amma yana nuna ƙasar wasu a matsayin wadda sai baƙo ya zo ya saita ta.

Na uku, ina kuɗin suka tafi? Kasafta su aka yi tsakanin 'yan ƙungiya. An kai wa iyalin Vince, ɗan ƙungiyar da aka kashe, rabonsa, biyu daga cikin ɓarayin kuma suka nufi gidan caca a Monaco. Talakan da aka tatsa bai ga ko sisi ba, don haka kada ka yi saurin kiransa fim ɗin talakawa.

Na huɗu, bar fosta, dubi rabon aiki. A ido ƙungiyar ta haɗa kowa: baƙaƙen fata, Han ɗan asalin Koriya, masu jin Sifaniyanci, da mata biyu. Sai ka ɗauki biro ka rubuta aikin kowa. Dom da Brian ke yanke shawara. Tej ke buɗe akwati, wannan aiki ne na ƙwaƙwalwa, a ba su maki. Roman kuwa surutu da ban dariya aka ba shi. Gisele ta iya bindiga da tuƙi, amma da aka buƙaci zanen tafin hannun Reyes don buɗe akwatin, sanye da kayan iyo ta je wurinsa ta samo shi. Mia tana da ciki, ranar fashin tana zaune tana ba su hanya ta rediyo.

Na biyar, masu garin fa? Babu ɗan Brazil ko ɗaya a ƙungiyar. Wanda ya fito a Reyes, Joaquim de Almeida, ɗan Portugal ne, Elsa Pataky da ta fito a Elena kuma 'yar Sifaniya ce. Har wani babban ɓangare na titunan da ka ɗauka Rio ne, a Puerto Rico aka ɗauke su. Don haka idan fim ya ƙare kada ka kashe, tsaya ka karanta sunayen da ke wucewa, a nan ake rubuta wuraren ɗauka da waɗanda suka yi aikin.