Yadda Za Ka Koyi Aikatau "Raid" na Ingilishi

Ɗalibin da ya yi karatun firamare da Faransanci a Yamai yakan san kalmar "raid" tun kafin ya shiga ajin Ingilishi a kwaleji, domin Faransanci ya aro ta daga Ingilishi, kuma daga nan ne tuntuɓe yake farawa. Bafaranshe yana furta ta kamar "red", wadda a kunnen mutumin Ingila take nufin launin ja. Saboda haka ka fara da gyaran baki: ka ce "reid", da wasali irin na "rain", ka maimaita da ƙarfi har harshenka ya saba.

Ma'anarta ita ce a afka wa wuri ba zato ba tsammani, a yi abin da ya kawo mutum cikin gaggawa, sannan a janye. Hausa ta raba wannan aiki gida biyu. Idan mahara suka faɗa wa ruga da asuba suka kore shanu, mukan ce sun kai hari, idan kuwa jandarmomi ne suka dira a shagon da ake zargin ana ɓoye miyagun ƙwayoyi, sai mu ce sun kai samame. Ingilishi ya haɗa duka biyun a kalma ɗaya. Asalinta daga harshen mutanen Sikotlan ne, tushenta ɗaya da "ride", wato hawan doki, kuma wanda ya ji labarin harin mahaya daga bakin kakanni a ƙasar Adar ba zai sha wahalar gane wannan dangantaka ba.

Inda na fi ganin ɗalibaina na darasin yamma suna kuskure shi ne wajen gina jimla. Wata yarinya mai ƙwazo ta rubuta mini a allo "The police raided on the shop", domin tana jin Faransanci a kanta. Aikatau ɗin ba ya son komai tsakaninsa da karɓau, wato wurin da aka afka wa, daidai ita ce "The police raided the shop". Sai kalmar ta zama suna take ɗaukar "on", kamar a "a raid on the shop". Shuɗaɗɗen lokacinta "raided" ne, gaɓa biyu, kada ka haɗiye ta biyun.

Ka kuma bambanta ta da "invade", wadda take nufin mamaye ƙasa da niyyar zama. A shekarar 793 mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai masu yawo a teku, sun afka wa gidan ibadar Lindisfan a gaɓar Ingila, suka kwashi dukiya suka koma jiragensu, shi ya sa masana tarihi suke kiran abin "raid".

A ganina hanyar da ta fi kama hannu ita ce sauraron labaran Ingilishi a rediyo da littafin rubutu a gefe. Duk jimlar da kalmar ta fito ka rubuta ta, ka ja layi a ƙarƙashin wanda ya kai da wurin da aka kai wa, sannan ka rubuta a gabanta ko hari ne ko samame.