Yadda za ka hana gibin albashi kashe basirar ma'aikatanka

Idan kai ne mai kamfani ko manaja, abu na farko zauna ka yi lissafi tsakaninka da Allah. Haɗa duk abin da oga ke ɗauka a shekara, albashi da alawus da bonas da hannun jari, ka ga ninki nawa ne na matsakaicin ma'aikaci. A Amurka tun 2018 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari dole suke bayyana wannan lissafin. A 1965 wajen ninki 20 ne a manyan kamfanoninsu, yanzu kuwa ana maganar ɗaruruwa.

Ba wai gibin ne haramun ba fa, wani lokacin ma shi ke sa na ƙasa ya dage don ya hau. Amma sabuwar dabara sai an haɗa kai ake samunta, kuma da zarar mutum ya lura shi ke tunanin wani ke kwashe ribar to shi kenan zai ja bakinsa ya yi shiru a mitin, ya yi iya abin da aka sa shi, lokacin tashi ya yi ya kama gabansa, kai kuma kana can kana cewa ma'aikatanka ba su da basira.

Don haka ka rubuta a takarda, kowa ya gani: wanda ya kawo dabarar da ta jawo kuɗi ga kasonsa, kuma sunansa za a kira ba na shugaban sashe ba. Dubi Shuji Nakamura, injiniyan kamfanin Nichia a Japan da ya samar da shuɗin ƙwan LED. Yen 20,000 kacal aka ba shi tukwici! Ya bar su ya koma Amurka, ya maka su a kotu, sai a 2005 aka sasanta a kan kusan yen miliyan 840, a 2014 kuma ya ci kyautar Nobel. Jamus ma tun 1957 take da dokar biyan ma'aikaci ladan abin da ya ƙirƙira.

Ka ba su lokaci kuma, kamar kamfanin 3M na Amurka da ke barin ma'aikata su yi gwajin kansu da kashi 15 na lokacin aiki. Wanda ya gwada bai dace ba kar a taɓa albashinsa ko a hana shi ƙarin girma.

Sannan don Allah shekarar da aka rage ma'aikata ko aka hana ƙarin albashi, kar manya su raba wa kansu bonas. Labarin sai ya fita, ko daga ofishin akanta ne.