Kurakuran da aka fi yi wajen sayen babur na kwalta da daji karo na farko

Babur ɗin da ake magana a kansa shi ne dogon nan mai manyan ƙafafu, wanda marfin tayarsa ta gaba ke can sama, yana da fitila da sigina da wurin lamba. An yi shi ne don ya bi kwalta, inda ta ƙare kuma ya faɗa burji da yashi ba tare da an sauya komai ba. Irinsa ne Honda XR150L da CRF300L, da Yamaha XTZ125 da tsohon DT125 da ma'aikatan lafiya da malaman gona suka daɗe suna shiga ƙauyuka da shi. Yawancin waɗanda suka yi da-na-sani bayan saye, ba lalatacce aka sayar musu ba. Babur mai kyau suka saya, sai dai ba nasu ba ne.

Kuskuren da ya fi kowane cin kuɗi shi ne kallon girman inji a manta da nauyi. Mutum zai ji an ce girman injin cc 650 ne, ransa ya biya. To Kawasaki KLR650 na yanzu, da mai a tankinsa, yana kai kilo 207, wato buhun siminti huɗu da ɗoriya. BMW R1250GS ya kusa kilo 250. A kwalta ba za ka ji wannan nauyi ba, domin gudu na ɗauke shi. Sai ranar da tayar gaba ta nutse a yashin rafi, babur ya kwanta, ƙafarka ɗaya tana ƙarƙashin salansa mai zafi, kuma babu kowa kusa. Sabon mahayi a daji sai ya faɗi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yawanci ma a tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba. Saboda haka abin tambaya shi ne: za ka iya ɗaga shi kai kaɗai sau uku a jere? XTZ125 bai kai kilo 120 ba, XR150L wajen 130, CRF300L kuma 142. Babur ɗinka na farko dai kada ya wuce kilo 150. Kafin ka biya, roƙi mai shi ku kwantar da babur ɗin a kan tabarma ko yashi, ka juya masa baya, ka kama kan da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗaya hannun, ka tura da cinyoyi. In sai da aka kama maka, ka bar shi.

Daga nauyi sai tsayi. Ana ɗaga waɗannan babura ne don kada cikin inji ya daki dutse ko kututture, shi ya sa kujerarsu ke sama. Ta Suzuki DR-Z400S milimita 935 ce daga ƙasa, ta CRF300L 880, ta XR150L wajen 825, ta Yamaha TW200 mai faffaɗan tayoyi 790. A gaban shago, inda ƙasa ke shafe da siminti, ɗan yatsan ƙafa ya isa. A gefen kwazazzabo kuwa, inda za ka sauke ƙafa ka tarar ƙasar ta yi nisa da taƙi guda, nan ake karya hannun kuloci. Hau da takalmin da za ka riƙa tuƙi da shi. In gaban tafin ƙafafunka biyu ya taɓa ƙasa, ko ƙafa ɗaya ta zauna daram in ka ɗan zame gefe, ya yi. In abin da ya rage kaɗan ne, mai ɗinkin kujera zai iya rage soson da milimita 20 zuwa 30, a kuma sassauta sifirin na baya. Suzuki DR650 ma kamfanin ya tanadi hanyar sauke shi da milimita 40. Abin da ba a yi shi ne yanke shokozoba a walda, wanda wasu makanikai ke ba da shawara. Wannan lalata babur ne kawai.

Akwai kuma yaudarar kai game da hanya. Kowa na hango kansa a tsakiyar daji, alhali in aka ƙirga, tafiyarsa daga gida ce zuwa aiki, sai ƙauye sau biyu a wata. Zauna ka lissafa kilomitocin mako guda: nawa kwalta, nawa burji, nawa yashi ko taɓo. Wanda tara cikin goma na tafiyarsa kwalta ce da burji mai kyau, ga goyo ga kaya, gaskiya Boxer ta ishe shi, kuma kujerarta ta fi daɗin zama. Wanda ke ratsa yashi da gargada kullum shi ke bukatar tayar gaba mai inci 21 da ta baya 18, kamar na XTZ125 da CRF300L, domin babbar taya hawa rami take yi maimakon ta faɗa ciki. XR150L a tsakiya yake, 19 a gaba, 17 a baya. Injin 125 zuwa 150 kuma ya san iyakarsa: a babban titi irin na Kano zuwa Zariya, in ya kai kilomita 80 zuwa 90 a awa ya fara kuka, wuce tirela sai da lissafi.

Wani tarkon shi ne babur ɗin tsere da aka liƙa wa fitila. Yamaha YZ da Honda CRF masu harafin R a ƙarshe na filin tsalle-tsalle ne. Ba su da makulli, ba su da sigina, tankinsu ƙarami, kuma da awa ake ƙirga musu juyen baƙin mai. Ko CRF450L da aka yi wa rajistar titi, littafinsa cewa ya yi a juye mai duk kilomita 1,000, alhali na CRF300L ya ba da 12,800. Kamanninsu ɗaya a hoto, ɗawainiyarsu ba ɗaya ba. A ƙurar ƙasarmu ma kada ka jira adadin littafi, ka riƙa juyewa tun kafin ya kai rabi.

Sai batun kayan gyara, wanda masu saye ba sa tunawa sai babur ya kwana uku a gareji. Kafin ka yi ciniki, shiga kasuwar 'yan sifiya ta garinku da sunan babur ɗin a takarda, ka tambayi abu shida: matatar iska, sarƙa da sifoket, takalmin birki, wayar kuloci, tif, da tayar da ta dace da wilinsa. Tayar inci 21 ba kowane gari ake samunta ba. In amsar ita ce sai an aiko daga Legas ko Kwatano, ka san abin da ka shiga. Inji mai kafireto da iska ke sanyaya shi, kowane bakanike na bakin hanya zai buɗe shi, kuma yana haƙuri da man 'yan bumburutu. Mai injekta ya fi tsimin mai da saurin tashi, amma famfonsa da ke cikin tanki ba ya son datti ko ruwa, in ya mutu kuma ba a gyara shi a gindin bishiya. Lagireto ma abu ne da faɗuwa ɗaya kan dutse ke fasawa. Dubi tanki kuma: na CRF300L lita 7.8 ne kacal, abin da zai kai ka kilomita 200 da 'yan kai, XR150L da ake kawowa Afirka kuwa lita 12 yake ɗauka.

In na hannu za ka saya, je da sassafe ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar. Mai sayarwar da ya riga ya ɗumama shi yana da abin da yake ɓoyewa. Shuɗin hayaƙi daga injin da ba a haɗa masa mai da fetur alamar ringi ya ci ne. Buɗe akwatin matatar iska, ka zura yatsa a bayan matatar, wajen da ke shiga inji. In ka fito da jar ƙura, injin ya riga ya sha ta, kuma ita ke cinye fistin da bawul. Bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasa su da sifana: mai ƙarfi ƙara take yi tsaf, sakakkiya sai ka ji ɗif. Ɗaga gaban, ka girgiza tayar hagu da dama don jin boris, ka juya kan a hankali ka ji ko yana sarƙewa a tsakiya. Duba ƙafafun shokozoba ko suna yoyon mai, leƙa ƙarƙashin inji ko ƙarfen ya lotse, ka ga haƙoran sifoket ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Lambar shasi da ta inji su yi daidai da na takardar kwastam da rasit, harafi da harafi.

A nan ne ya kamata ka binciki dokar yankinku. An hana hawa babur a Maiduguri tun 2011, an kafa irin wannan doka a sassan jihar Tillaberi ta Nijar a 2020, wasu jihohin arewa maso yamma ma sun sha taƙaita zirga-zirgarsa saboda tsaro. Dogon babur mara lamba a hanyar daji jawo wa kai tambayoyi ne a kowane shinge.

Kada kuma ka juye duk kuɗinka a kan babur ɗin. Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don hular kwano mai rufe haɓa, takalmi mai kama ƙwauri, safar hannu, ƙarfen kare hannayen birki da kuloci, da farantin da ake ɗaura wa ƙarƙashin inji. Ƙara da ƙaramin famfo, ma'aunin iska, ƙarafan cire taya biyu da tif ɗin ajiya, domin ƙayar aduwa ba ta san sabon babur ba.

Kurakurai biyu na biyo baya a makon farko, kuma duka a wajen masu gyara ake yin su. Mai faci zai ɗura wa tayar iska har ta yi tauri kamar dutse, yadda ya saba yi wa 'yan acaɓa masu ɗaukar buhu. Irin wannan babur a kwalta bai fi bukatar awo 22 zuwa 25 (PSI a ma'aunin iska) ba, a yashi kuma sauke shi zuwa 15 ko 16 don tayar ta baje. Ƙasa da 12 tana iya zamewa a kan wili ta tsinke bakin tif. Bakanike kuma zai ɗaure sarƙa tamau. Ƙafar bayan wannan babur tana hawa da sauka da nisa, duk lokacin da ta nutse sarƙar ƙara miƙewa take yi, in babu sarari sai ta ci boris ɗin giya ko ta tsinke. Kowane babur da irin sakin da yake so a tsakiyar sarƙar, kuma adadin naka na nan rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙarfen ƙafar baya. Nuna wa bakaniken ita kafin ya ɗauki sifana.