Yadda ake bin diddigin tarihin kwalejin kasuwanci ta ƙarni na 19 a Amurka

Duk wanda zai binciki tarihin ɗaya daga cikin kwalejojin kasuwanci da suka yaɗu a Amurka a ƙarni na 19, ya fara da gano mai makarantar kafin ya kama sunanta. Makarantun kuɗi ne, mallakar ɗaiɗaikun mutane, ana sayar da su kamar yadda ake sayar da kanti, kuma wanda ya saya yakan sauke allon suna ya ɗora nasa. Makarantar Folsom ta birnin Cleveland, inda John D. Rockefeller, wanda daga baya ya zama hamshaƙin attajirin man fetur, ya koyi ajiye lissafin ciniki a 1855, ta koma hannun Bryant da Stratton, waɗanda suka buɗe wata a Buffalo a 1854, suka kuma kafa rassa a birane da dama. Mai bin suna kaɗai zai ɗauka makarantu biyu ne.

Saboda haka a nemi littafin adireshi da aka riƙa bugawa duk shekara a birane da dama a wancan zamani, a jera sunan makarantar da titinta da shugabanta shekara bayan shekara. Inda suna ya sauya amma adireshi bai sauya ba, galibi ciniki ne ya auku.

Daga nan a koma ga tsofaffin jaridu, waɗanda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ɗora da yawansu a intanet kyauta. A nan ne nake ganin ya fi kamata a yi hattara, domin yawancin abin da za a tarar talla ne, kuma mai talla ba ya rage yawan ɗalibansa. Kada a karɓi adadi sai an gwama shi da wata shaida.

Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne kayan da ɗalibai suka bari. A kwalejin Eastman, wadda Harvey Eastman ya kafa a garin Poughkeepsie na jihar New York a 1859, ɗalibi yakan karɓi takardun kuɗi na gwaji, ya yi saye da sayarwa, ya kai ajiya bankin da ke cikin aji, sannan ya shigar da komai a littafinsa da kyakkyawan rubutun hannu. Littafi ɗaya irin wannan yana nuna abin da aka koyar a zahiri. A kuma lura da shekarar da keken rubutu ya shiga manhaja bayan kamfanin Remington ya fitar da nasa a 1874, domin daga lokacin ne sunayen mata suke ƙaruwa a jerin ɗalibai.

Wajen bin sawun malamai, takardun ƙidayar jama'a suna taimakawa, sai dai yawancin na 1890 sun salwanta sakamakon wata gobara da ta tashi a 1921, don haka a cike wannan giɓi da littafin adireshi.